Gasar Lissafi: Ta Mushe ko Ta WhatsApp?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a unguwar Zango nan Damagaram. Ɗiyata ta biyu shekararta 11, bana ta shiga 6e, ajin farko na kwaleji. Tun tana CE1 a firamare lissafi ne abin da ta fi so, ba ta sauka ƙasa da 17 bisa 20. Mushensu, wato malaminsu na lissafi, ya ce yana son ya sa ta cikin wata ƴar gasa da wasu kwalejoji na cikin gari suke yi tsakaninsu, kyautarta littattafai da kaye. Ana cikin haka sai ƙanin maigidana ya turo mana wata talla ta WhatsApp, wai gasar lissafi ta duniya ce, da Ingilishi ake yin ta ta intanet, kuɗin rajista jaka 25, wanda ya ci a kai shi Dubai. Maigida ya ce wannan za ta shiga, ta mushe wasan yara ce. Ni kuwa tsoro nake ji, don yarinyar ko ta biyu ta zo a aji sai ta kwana tana kuka, ta ƙi cin abinci. Wacce ta dace da ita? Ko in hana ta duka har ta ƙara girma?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki ita, ya sa wa ƙwaƙwalwar albarka. Bari in faɗa miki ra'ayina tun daga farko: bana ki bar ta ta shiga ta mushe, jaka 25 kuma ta zauna a aljihun maigida har sai masu tallar nan sun amsa wasu tambayoyi da zan kawo miki a gaba. Hana ta duka ba shawara ba ce. Amma kafin a rubuta sunanta a ko'ina, akwai gwajin da nake so a yi mata a tsakar gidanku, wanda kuɗinsa bai wuce na buga takarda biyu ba.

Gasar lissafi ba iri ɗaya ba ce, kuma yaron da ya yi fice a wannan yana iya shan ƙasa a waccan alhali ƙwaƙwalwarsa tana nan yadda take. Akwai ta sauri. Masu kallon tashoshin Najeriya sun san Cowbellpedia, inda ake tsayar da yaro gaban kyamara, agogo na tafiya, ana jefo masa tambayoyi yana cafewa cikin daƙiƙa 60. Ta ɗaliban makarantun Najeriya ce, amma irinta wasu makarantu suke kwaikwaya ranar bikin ƙarshen shekara. Abin da take aunawa shi ne hadda, da saurin lissafin ka, da dakewa gaban jama'a. Ba ta da laifi, sai dai yarinyar da zuwa ta biyu yake hana ta cin tuwo ba da wannan za a fara mata ba.

Akwai kuma ta wasa ƙwaƙwalwa, ita ce nake yi wa ɗiyarki sha'awa. Ga irin tambayar da ake yi a cikinta. Kwaɗo ya faɗa rijiya mai zurfin gaba 10. Kullum da rana yana hawa gaba 3, da dare ya zame ya koma ƙasa gaba 2. A rana ta nawa zai fito? Yaro mai gaggawa zai ce ai gaba ɗaya yake ci kowace rana, saboda haka ta 10. Yaron da ya ɗauki tsinke ya zana rijiyar a ƙasa shi zai ga cewa safiyar rana ta 8 kwaɗon yana kan gaba 7, yana ƙara 3 ya kai baki, ya yi tafiyarsa, dare bai same shi a ciki ba balle ya zame. Babu wani lissafi a nan da ya fi ƙarfin ɗan CE2. Abin da ake nema shi ne natsuwa, da ƙin yarda da amsar da ta fara faɗo wa mutum a rai.

Mafi shahara a wannan fanni a ƙasashen da ake karatu da Faransanci ita ce Kangourou. Malamai biyu na Faransa, André Deledicq da Jean-Pierre Boudine, su suka fara ta a 1991 bayan sun ga yadda ake yin irinta a Ostareliya, yau kuma miliyoyin yara suke zama mata a ƙasashe da dama. Ranar Alhamis ta uku ta watan Maris ake yin ta, kowane yaro a cikin makarantarsu, ba tafiya ko'ina. Takardar ƴan kwaleji a Faransa tambaya 24 ce cikin minti 50, kowace da amsa biyar a zaɓi ɗaya. Na farko masu sauƙi ne, maki 3, sai masu 4, na ƙarshe masu 5. In yaro ya yi canki-canka ya kuskure a rage masa maki, in ya bar wurin ba rubutu bai ci ba kuma ba a ci shi ba. An kasa ta bisa aji, ƴan 6e da 5e takardarsu ɗaya, ƴan 4e da 3e tasu daban. Tana da ƴar'uwa, gasar wasannin lissafi da tunani ta ƙungiyar FFJM ta Faransa, wadda a cikinta yaro ne yake rubuta amsarsa da kansa, ana hawa zagaye bayan zagaye har na ƙarshe a watan Agusta. Yaran Nijar sun sha shiga wannan ta hannun ƙungiyar wasannin lissafi ta ƙasarmu, ANJM. Mushe ne zai bincika miki wadda ƙofarta take buɗe wa ƴan Damagaram bana.

Sai babbar, ta kafa hujja, wadda ake kira Olimpiyad. Don ki ga bambancinta da sauran, ɗauki hatimin nan da kowa ya sani mai gida tara, wanda ake zuba lambobi 1 zuwa 9 a ciki ta yadda kowane layi, a kwance, a tsaye ko a karkace, zai ba da 15. Layin sama 2, 7, 6. Na tsakiya 9, 5, 1. Na ƙasa 4, 3, 8. Lissafin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: wani malami Bakatsine, Muhammad al-Kashinawi, ya yi rubutu kan hanyoyin gina irin wannan hatimi tun 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. To, a gasar wasa ƙwaƙwalwa za a ce wa yaro ya cike gidajen. A Olimpiyad kuwa cewa za a yi ya nuna dalilin da ya sa dole 5 ce za ta zauna a tsakiya, ko ta yaya aka juya. Sai ya rubuta: layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, kowane 15, jimla 60. Layukan nan sun taka kowane gida na gefe sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Lambobin tara duka jimlarsu 45, ke nan rarar 15 da ta hau kai daga maimaita na tsakiya sau uku ta fito, 15 a raba uku 5. Shi ke nan, ba mai musu. Yaron da ya ji wannan idonsa ya buɗe, ya ce a ƙaro masa wata, shi ne ɗan Olimpiyad na gobe.

Na gobe na ce, don yawanci ƴan lise, makarantar da ake shiga bayan kwaleji, su ne suke zuwa can. Ta duniya an fara ta a Romaniya a 1959 da ƙasashe bakwai, sai a 2014 ta fara sauka a nahiyarmu, a Afirka ta Kudu. Kowace ƙasa ɗalibai shida take turawa, ba ƙari. Kwana biyu ake yi, kowace rana tambaya uku kacal, a ba su awa huɗu da rabi. Kowace tambaya maki 7, duka 42. Ta Afirka kuma, wadda ƙungiyar masana lissafi ta nahiyar take shiryawa, an fara ta a Rabat a 1987, kuma yanzu tawagar ƙasa ƴanmata uku ce da samari uku. Ki riƙe wannan a ranki, don kujeru ne da aka tanadar wa irin ɗiyarki.

Yanzu ga gwajin. Tsofaffin takardun Kangourou suna nan a intanet kyauta tare da amsoshinsu. Ki roƙi mushe ya sauko da ta ƴan 6e da 5e ta wata shekarar da ta wuce, a buga ta a wurin masu fotokwafi. Ranar Asabar da hantsi, bayan ta karya, ki shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ki kori ƙannenta, ki duba agogon waya ki ba ta minti 50. Kada ki kira shi jarrabawa, ce mata ga wasu kacici-kacici mushe ya aiko.

In ta ci kusan duka, takardar ta yi mata ƙanƙanta, sai a gwada ta ƴan aji na gaba. In ba ta ci fiye da uku ko huɗu ba, kada ki yanke hukunci tukuna. Ki sa ta karanto tambaya ɗaya ta faɗa miki da Hausa abin da ake nema. Yaranmu da yawa ba lissafin ne yake kayar da su ba, Faransancin ne. Ana warware musu jimlar sai ki ga sun ba da amsa nan take, kuma maganin wannan yawan karatu ne. In ta ci tsakanin kashi ɗaya da kashi biyu bisa uku, nan ne wurinta, ta sami abin da za ta iya da abin da za ta yi fama da shi.

Amma abin da na fi so ki sa wa ido yana zuwa ne bayan kin ce lokaci ya cika. Ta ture takardar ta tambaye ki nawa ta ci? Ko kuwa ta riƙe biro tana cewa Inna dakata, saura kaɗan in gane ta 17? Kin same ta da la'asar ta koma kan wadda ta gagare ta ba wanda ya sa ta? Yarinyar da take komawa, lissafin take so, gasa za ta ƙara mata. Wadda maki kawai take tambaya, zama ta ɗaya take so, ita ma gasa za ta amfane ta, amma sai an shirya mata zuciya. Daga nan ki tambaye ta, ita kaɗai, ba gaban babanta ba, ko tana son shiga. In ta ce a'a bana, a ƙyale ta. Tana da 5e da 4e a gabanta kafin nauyin BEPC, jarrabawar gama kwaleji, ya hau kanta.

Batun kukan nan kuwa, shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki. Aji ya sabar mata da 17 da 18, saboda a aji ana tambayar abin da aka koyar ne. Takardar gasa kuwa da gangan ake gina ta yadda ba kowa zai gama ta ba. Ki gaya mata wannan tun kafin ranar, da bakinki, fiye da sau ɗaya. Ki gaya mata cewa a Olimpiyad ta duniya, inda zaɓaɓɓun kowace ƙasa suke haɗuwa, kusan rabinsu ba sa komawa gida da lambar yabo, kuma wanda ya warware tambaya ɗaya tak cikin shida, cikakkiya, ana ba shi takardar girmamawa ko bai kai ga lamba ba. Mutanen da suka san lissafi sun ɗauki warware matsala ɗaya mai wuya a matsayin abin a yaba.

Ku ma a gida akwai naku aikin. Kada a yi shela wa dangi da maƙwabta cewa za ta shiga gasa, don kowane wanda aka gaya wa zai dawo ya tambayi sakamako, ita kuma ta san haka. Kada a yi mata alkawarin atamfa ko waya in ta ci. In za a saya mata wani abu, a saya ranar da ta dawo daga zaman, kafin sakamako ya fito. Ranar kuma kada tambayar farko ta zama ta nawa kika zo. Ki ce wace tambaya ce ta fi ba ki wuya, zo ki nuna mini. Sannan ki duba da kyau, yaushe ake yaba mata a gidan? In ranar karɓar sakamako ce kaɗai babanta yake kiranta ya sa mata albarka, ko ana yi wa yayarta gori da ita, to ba ta yi kuskure ba da ta ɗauka cewa matsayinta a gida yana rataye da zama ta ɗaya. Gara ta fara ɗanɗana faɗuwa yanzu, a ƙaramar gasa, mushen da ya san ta yana kusa, ke ma kina kusa, da ta fara gamuwa da ita a jami'a ita kaɗai. In kuwa ƙin cin abincin yana ɗaukar kwanaki, ko barcinta ya lalace, a ajiye zancen gasa gefe a fara da wannan, har da ganin likita.

Sai tallar WhatsApp. Ban ce duk gasar da ake biya wa kuɗi damfara ce ba. Ita kanta Kangourou ana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma akwai masu sana'ar da suka gane cewa iyaye suna son ganin lamba a wuyan ɗansu. A karɓi kuɗin rajista, a ba kusan kowa lambar zinare a hoto, sannan a aiko da albishir cewa an gayyaci yaro zagayen ƙarshe a waje, sai dai kuɗin jirgi da masauki da na ɗan rakiya duk a kanku. Ainihin cinikin a nan yake. A Olimpiyad ta gaskiya uba ba ya saya wa ɗansa gurbi: ƙasa ce take tace ɗalibanta ta tura su, ƙasar da ta karɓi baƙunci ta ɗauki ci da kwanansu, zinare kuma kusan mutum ɗaya cikin 12 yake samu.

Saboda haka a tambaye su. Wace ƙungiya ce, ina ofishinta, wane masanin lissafi ne yake tsara tambayoyin? Ina takardun bara da amsoshinsu? Cikin yara ɗari, nawa ake ba lamba? Wa yake biyan tafiyar Dubai, kuma a rubuce? Daraktan kwalejin ko ofishin ilimi na jiha sun san da su? Mai gaskiya ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. In aka ce a tura kuɗi ga lambar wayar wani mutum, ko ana matsa muku cewa yau ake rufewa, ko ana neman takardar haihuwar yarinya da hotunanta tun ba a yi komai ba, ku janye. Ko da a ce komai nasu daidai ne, ɗiyarki bana ta fara Ingilishi. Ingilishinta za a auna, ba lissafinta ba, ga agogo na tafiya, ga wutar da kan ɗauke, ga rezo da kan tsinke ana tsakar tambaya.

Maigida ba abin zargi ba ne, so yake ɗiyarsa ta yi suna, kuma ya ga ta isa. Kada ki ce masa ƙaninsa ya kawo damfara, za ki mayar da zancen na dangi. Ki kawo masa misalin da ya sani: ba ɗan kokowar da ya taɓa ɗaga takobi bai fara da dandalin unguwa ba, daga nan a tace shi a shiga da shi cikin goman jiha, sannan ya fuskanci na sauran jihohi bakwai. Gasar mushe ita ce dandalin. A nan malamai suke gane yaro, sunansa ya fara zagayawa, in ranar tace ƴan ƙasa ta zo a tuna da shi. Ki ba shi tambayar kwaɗon nan ya gwada bayan sallar isha'i, sannan ki bar ɗiyar ta warware masa. In yana buga dara, ya zauna ya koya mata, don hangen abin da abokin wasa zai yi nan da taku uku horo ne na gaske. Jaka 25 ɗin kuma, in har ya yi niyyar kashe ta a kanta, littafin motsa ƙwaƙwalwa da fitila mai cajin rana da kuɗin buga tsofaffin takardu za su yi mata aiki shekara guda.

Shirin ba ya son wahala. Rabin awa sau biyu a mako ya isa a wannan shekarun, ba a taɓa Islamiyya ba, ba a taɓa barci ba. Abin da za a taɓa shi ne aikin gida. Mun san yadda neman ruwa yake cinye safiyar ƴanmata a garin nan in bazara ta kama, ga wanke-wanke ga rainon ƙanne. A raba aikin da ƴan'uwanta maza a waɗannan ranaku biyu.

Cikin makon nan ki je ki ga mushe, ki yi masa godiya, don malamin da ya lura da yarinya har ya nema mata gasa ba kullum ake samunsa ba. Ki tambaye shi ko ƴan 6e da ƴan 6e za su kara, ko za a haɗa su da ƴan 3e a takarda ɗaya. In haɗawa za a yi, a nemi a ware sakamakon kowane aji. Ki tambayi wa zai tsara tambayoyin, wa zai gyara. Sannan ki roƙe shi a maido wa yaran takardunsu, ya tsaya gaban allo ya warware musu tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, don gasar da ba a ga gyaranta ba rabin amfaninta ya tafi. In kin ga yana da himma, ki kai maganar gaban ƙungiyar iyaye mata ta makarantar, a nema masa aji ɗaya da yamma sau ɗaya a mako inda yara biyar ko goma za su riƙa zama kan irin waɗannan tambayoyi, a nemi ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou su riƙa leƙowa suna taimaka masa. In kuma masu tallar sun amsa duk abin da aka tambaye su, maigida bai sauka daga ra'ayinsa ba, a bari sai baɗi Ingilishinta ya ɗan zauna, a biya kuɗin rajista kaɗai, kuma ba inda za ta tafi sai da sanin makaranta da rakiyar ɗayanku.